Tayin Farko a Ajin Kodin

Tun da safe sararin sama bai yi mini ba. Rana ta fito, amma irin fitowar ma'aikacin da ya leƙo ofis don a gan shi ya koma gida. Can gabas, ta bayan kogi, wani baƙi ya tokare wuri ɗaya, bai matso ba, bai kuma watse ba. Na daɗe ina koyar da lissafi a Wudil, na san irin wannan tsayuwa. Haka ɗalibin da ya ƙudurta rashin ji yake tsayawa a ƙarshen aji, hannu a baya, yana jiran ki juya ga allo.

Asabar ce ta farko a dogon hutu, ranar da muka sa don fara koya wa yara kodin, wato tsara wa kwamfuta umarni ta bi. Shawarar ba tawa ba ce. Ta wata tsohuwar ɗalibata ce da ke karatun kwamfuta a jami'a, wadda ta dawo mini da Turanci cike da baki da damuwa cike da ciki. A ajinsu, in ji ta, idan aka ware 'ya'yan ma'aikata da na manyan 'yan kasuwa, waɗanda suka rage ba za su cika benci ba, matan kuwa mayafi ɗaya zai lulluɓe su. Tana so a fara gyara daga tushe, tun yara ba su yanke wa kansu hukuncin cewa wannan harka ba ta irinsu ba ce.

Na nemo mata aron aji a makarantarmu. Muka bi gidajen abokan arziki muka aro kwamfutoci, wata da tsagaggen gilashi, wata kuma sai an tokare ta da ƙamus take tsayuwa, wanda shi ne amfani mafi girma da na ga an yi da ƙamus ɗin tun da aka kawo shi. Muka tsara ranar kamar masu shirin biki. Da Hausa za a yi bayani, kuma kyauta. Ba za a tura 'yan mata baya ba. Muka sa katako a bakin ƙofa saboda wani yaro mai keken guragu. Sai ƙa'idar da ɗalibata ta fi ji da ita, wadda ta karanto daga masu shirya irin wannan taro a wasu ƙasashe: ba a tilasta wa yaro. A yi masa tayi, in ya ce a'a, a ƙyale shi, don kada ya tsani abin.

Na ce mata ƙa'ida ce mai kyau. Har gobe ina ganin mai kyau ce, a garin da aka rubuta ta.

Yaran cikin gari ba su ba mu wahala ba, iyayensu ne ma suka dame ni da waya. Na ƙauye kuwa sai da na taka da ƙafata. A wani ƙauye can bayan Achika, inda ƙanwar mahaifiyata ta yi zaman aure, akwai wani dattijo wanda in ya ce yara su tafi za su tafi, in ya yi shiru ba mai motsi. Na same shi a gindin darbejiya yana gyara ƙotar fartanya. Muka gaisa: gida, iyali, gajiya, damina, mutanen Wudil, ciwon gwiwarsa, sannan muka sake zagayowa kan damina don kada ta ji an yi mata rowa. Da na gama bayanin abin da ya kawo ni, ya dube ni ta gefen ido.

"Malama, wannan abin naku, ana cin sa?"

"Ba a cin sa, Baba. Amma waɗanda suka iya shi suna ci da shi."

"To." Ya buga ƙotar a ƙasa ya ga ko ta zauna. "Kin dai san ana maimai. Duk yaron da na cire daga gona, wani gefen gonar ne zai kwana cikin ciyawa. Zan ba ki maza uku, in haɗa miki da uwata."

Ya nuna da haɓa wata yarinya siririya da ke tsintar wake a faifai. Jikarsa ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya kama sunan.

"Amma ki ji," ya ce. "In kallo za su je yi, su ga 'ya'yan masu albashi suna wasa, to a nan ma akwai abin kallo. Ga tsuntsaye, ga jirgi yana wucewa ta sama. In sun tashi zan tambaye su. In kallo suka yi, kada ki sake wahalar da takalminki. Kuma in hadari ya taso ba na jiran kowa. Kwarin nan da kika tsallako, in ya kawo ruwa ko saniya ba ta gardama da shi."

Da wannan sharaɗi suka iso ranar Asabar, a bayan kurkura, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, da dattijon ya ɗauko haya. Dattijon ya sauke su a ƙofar makaranta ya wuce cikin gari neman maganin gwiwa, ya ce zai dawo bayan azahar. Yaran suka cire takalmansu a bakin aji suka jera su, alhali na cikin gari sun shige da nasu har da laka. Mun riga mun tsara a gauraya zama, ɗalibata ta kama hannunsu ta rarraba su cikin sauran. Kafin ta gama rubuta barka da zuwa a allo, duk sun gangara sun koma bencin baya, kamar ruwan da aka zuba a kan tudu.

Wutar lantarki tun jiya aka ɗauke ta. Da batirin sola na ofishin shugaban makaranta muka dogara, shi kuma da rana ya dogara, ita kuma na riga na faɗi halin da take ciki.

Darasin kansa mai daɗi ne. Akwai wata 'yar akuya da aka zana a fuskar kwamfuta, a gefe kuma ga umarni iri-iri kamar tubala: taka gaba, juya dama, maimaita, yi kuka. Sai yaro ya jawo su da linzamin kwamfuta ya jera yadda yake so, ya danna koren maɓalli, akuya ta bi abin da ya tsara. In ya tsara daidai ta isa ga ciyawa. In ya yi shirme ta yi ta karo da katanga cikin ladabi da biyayya, irin waɗanda ban taɓa samu ba a wurin mai rai.

"Wa zai gwada?" in ji ɗalibata.

Hannuwa suka tashi daga gaba. "Anti, ni." "Anti, shi ya yi ɗazu." "Anti, akwai irinta a gidanmu, tamu ma ta fi wannan." Ta yi adalci iyakar ƙoƙarinta, ta ba 'yan mata, ta ba mai keke, ta hana masu babakere. Sannan ta taka har bencin baya, ta durƙusa a gaban baƙinmu, da murmushi.

"Kai fa, za ka gwada?"

Babban cikinsu ya sunkuyar da kai. "A'a, na gode."

"Ke fa, ƙanwata?"

"A'a, Anti. Su yi."

Ta dube ni, na dube ta. Ƙa'ida ƙa'ida ce. Ta ce musu babu damuwa, duk lokacin da suka shirya su yi magana, ta koma gaba inda ake ta kiran ta.

Hantsi ya wuce a haka. Ɗakin ya riƙa yin duhu a hankali, har na fara ganin hasken kwamfutocin a fuskokin yara. Iska ba ta motsi. Daga ofishin shugaba na'urar batirin ta soma wani ɗan kuka, tsit, sai ta yi shiru, sai ta sake, kamar tsaka a bango. Mai tsagaggen gilashi ce ta fara mutuwa. Yaran da ke kanta suka koma kan ta kusa da su, aka ƙara matsuwa a gaba, bencin baya kuwa ya ƙara nisa.

Ina zagayawa na lura da hannun yarinyar. Jikinta a sandare yake, fuskarta ba ta nuna komai, amma ɗan yatsanta yana tafiya a kan gwiwarta, cikin zanen. Ya ja, ya ajiye. Ya ja, ya ajiye. Wani yaro a gabanta ya sa juya dama inda ya kamata ya sa hagu, na ga yatsan ya tsaya cak, ya koma baya, ya gyara. Akuyar yaron ta je ta yi karo da katanga. Tata, wadda ba kowa ke gani ba, ina jin ta isa.

Abinci ne ya buɗe mini ido, kamar yadda ya saba buɗe wa malamai. Da azahar aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji. 'Yan gari suka yi layi suna ture juna. Ɗalibata ta ɗauki faranti ta kai wa na baya.

"Bismillah, ku ci."

"Alhamdu lillahi, mun ƙoshi."

Ta juyo da farantin. Yaran da suka baro gida tun bayan asuba, suka sha jijjiga a bayan kurkura, wai sun ƙoshi, ita kuma 'yar jami'a ta karɓi maganar kamar sakamakon jarrabawa.

Na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. A gidanmu baƙo bai taɓa cewa yana jin yunwa ba, ita kuma ba ta taɓa tambayar sa ba. In ta yi tayi ya ce ya ƙoshi, ba ta ma nuna ta ji. Takan kai kwano ɗakin, ta ajiye ruwa a gefe, ta ce bari ta dubo tukunya, ta fito ta sakaya ƙofa, ta kore mu daga wajen. In an jima a je a ɗauko kwano fayau, ba wanda zai ce uffan. A'a ta farko ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Yaron da ya miƙa hannu a tayin farko a gidan mutane, uwarsa ake zagi. Ni na san wannan tun kafin in san jadawalin sau. Ɗalibata ma ta sani, don a gidansu haka ake yi. Kawai dai ba wanda ya taɓa gaya mana cewa kwamfuta ma kwano ce.

Na karɓi farantin, na ƙara wani, na kai ajin da ke kusa, na ce musu su zo su tsare mini kayan nan ina zuwa. Na ja ƙofa. Da na dawo ko ƙwayar wake babu.

Sai dai kafin nan lokaci ya ci rabonsa. Baƙin nan na gabas ya taso ya rufe rabin sama, ƙasansa ya yi launin toka mai ɗan kore. Na'urar ofis ta yi kuka mai tsawo ta yi shiru gaba ɗaya. Kwamfutocin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage mai jingine da ƙamus, ita ma alamar batirinta ta koma ja. Sannan na ji ƙarar kurkura a ƙofar makaranta. Dattijon ya shigo yana ɗingishi, idonsa a sama.

"Malama, a ba ni ajiyata."

"Baba, ka ɗan ba ni lokaci kaɗan."

"Ni mai bayarwa ne. Wancan ne ba ya bayarwa." Ya nuna gabas da sandarsa.

Na shiga aji. Abin da ya rage a batirin ba zai ishi yara huɗu ba, da ƙyar zai ishi ɗaya. Wani ɗan gari na kan kwamfutar, wannan zamansa na ba-adadi. Na ce ya tashi. Ya ce bai gama ba. Na yi masa kallon da na shekara da shekaru ina wasawa, ya tashi. Na ɗauki kwamfutar da ƙamus ɗinta na kai bencin baya, na ajiye a gaban yarinyar.

"Riƙe mini wannan, kada ta faɗi. Kowa ya fito baranda, a kwashe takalma kafin ruwa ya sauko. Har da ku," na ce da mazan uku.

Ɗalibata ta biyo ni tana magana ƙasa-ƙasa. "Malama, ai ta ce ba ta so. Wannan fa fosin ne."

"Na tilasta mata me? Ajiya na ba ta."

"Amma ita kaɗai, ba mai nuna mata..."

"Ke dai juya bayanki ga tagar nan. In kika leƙa, sai na gaya wa yaran nan makin da kika ci a lissafi a aji biyu."

Muka tsaya a baranda, mu duka, bayanmu ga aji. Iska ta fara zuwa, mai sanyi, da ƙanshin ƙasar da ruwa ya riga ya daka a wani wuri. Ledoji suka tashi suna yawo a filin makaranta. Mai kurkura ya danna hon. Dattijon ya ƙirga yaransa da ido.

"Ina uwata?"

"Tana riƙe mini wani abu."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar da na sakaya, ya dubi yadda muka jeru kamar masu jiran liman. Sai ya mayar da sandarsa ƙasa ya dogara a kanta. An yi tsawa can nesa, doguwa, irin mai birgima. Kwanon rufin ya fara ƙara. Na tsaya ina lissafin abin da ban iya lissafawa ba: saura nawa a batirin, saura nawa kafin kwarin ya kawo, kuma in ya kawo suna tsakiya, da wane baki zan ce na tsayar da su don akuyar zane. Ba abin da ke fitowa daga ajin. Na fara tunanin ko tana zaune ne kawai, hannu biyu a kan ƙamus, tana riƙe ajiya kamar yadda aka ce mata.

Mai kurkura ya sake danna hon, ya ɗaga murya ya ce shi fa zai tafi.

Sai muka ji kukan akuya daga cikin aji. Siriri, na ƙarfe, sau ɗaya. Kukan ba ya fita sai an jera umarni an danna kore. Ɗalibata ta kama hannuna ta matse.

"Akuyar wa aka rufe a ɗakin karatu?" in ji dattijon.

"Ta jikarka ce, Baba."

Ta sake yin kuka, ta sake, a jere, tazararsu daidai. Wato ta gano maimaita, wanda 'yan gaba suka yi ta faɗa da shi tun safe. Ana cikin na gaba kukan ya yanke a tsakiya. Batir ya ƙare.

Ta fito tana gyara ɗankwali, ta ce mini ga ajiyar can ba ta faɗi ba. Ɗigon farko ya bugi rufi kamar an jefo tsakuwa. Dattijon bai jira sun isa gida ba, a nan barandar ya yi tambayarsa.

"Uwata, me kika yi?"

Ta dubi ƙasa. "Ba komai."

Ya gyaɗa kai. Shi ya san irin wannan ba komai, a gidansa aka koya mata. Ya juya ga mazan.

"Ku fa?"

Babban ya ce, "Mun kalla, Baba."

Na buɗe baki in yi bayanin batir da rana da ƙa'ida, ya ɗaga mini hannu, ba da faɗa ba. Suka ruga zuwa kurkura, aka ja musu leda a ka, suka fita ƙofar makaranta ruwa na bin su. Na tsaya ina kallon hanyar har ta ɓace cikin farin ruwa. Wayar ƙauyen ba ta shiga ba ranar. Sai washegari da hantsi wani mai kawo madara ya ce mini sun tsallake, ruwan yana gwiwar mai kurkura, da turi aka fitar da ita.

Asabar ta biyu ba wanda ya zo daga wajensu. An kwana ana ruwa, don haka ban san ko kwari ne ya hana ko hukunci ba. Mun dai sauya tsari. Aka daina tambayar wa zai gwada. Kowane yaro da lokacinsa, a ajiye masa kwamfuta a kusurwa, fuskarsa ga bango, Anti ta tafi duba wani abu. Har cikin 'yan gari sai ga waɗanda ba mu taɓa jin muryarsu ba, yawanci mata, suna sa akuya rawa.

Asabar ta uku kurkura ta tsaya a ƙofa. Dattijon ya sauko, sai yarinyar, sai wata ƙarama da ban sani ba. Na leƙa bayan kurkurar, buhunan gawayi ne kawai.

Bayan mun gama da gida da iyali da damina da gwiwa, ya ce, "Ga uwata, ga ƙanwarta. Ki karɓe su ko ma huta. Tun ranar nan ta mayar da 'yar nan akuya. Taka gaba, juya dama, yi kuka. Jiya har cikin randa ta tura ta."

"Mazan fa, Baba?"

"Suna gona."

"In an ba su dama wannan karon..."

"Malama, ni na faɗi magana a gabansu, su ma sun faɗi gaskiya a gabana. Waɗanda suka kalla sun gama kallo."

Na yi tayi, na sake, na bi ta kan zumuncin ƙanwar mahaifiyata. Tasa a'ar ba ta baƙunta ba ce.

Yarinyar tana zuwa har yanzu duk hutu, in kwari ya bari. Ba ta zama a baya, ko da yake har yau in aka tambaye ta abin da ta yi, ba komai ne. Mazan biyu ban sake ganin su ba. Babban kuwa na haɗu da shi wata Juma'a a kan gada, cikin cunkoson masu zuwa kara, kasuwar shanu, yana jan wani bijimi da igiya. Ya yi tsawo, murya ta buɗe. Ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi Anti. Na ce masa har yanzu muna yi ranar Asabar, akwai wuri, ya zo.

"A'a, Malama. Na gode."

Motoci na ta hon a bayanmu, bijimin na fizgar igiya. Na dubi fuskarsa in gane wace iri ce, ta gaisuwa ko ta gaske, ban gane ba. A kan gada kuma babu ɗakin da zan ajiye masa abu in ja ƙofa. Bijimin ya ja shi suka yi gaba, ni ma na matsa gefe don wata tirela ta wuce.